Neman shawara: ta yaya injin jirgi ke mutuwa alhali da mai a tanki?

Ɗalibi: Assalamu alaikum malamai. Wanda ya koyi tuƙi da ƙaramin jirgin sama Cessna 172 zai koma wani ƙaramin, Piper Warrior, me ya kamata ya kiyaye game da mai? Kuma idan injin ya ɗauke a sama, da me ake farawa?

Malamin tuƙi: Wa alaikumus salam. Matsalar iri biyu ce: ko man ya ƙare ƙaf, ko yana nan amma ba ya isa injin. Ta biyun ce ke kama mutanen Cessna, domin sun saba barin maɓallin zaɓen tanki a kan duka tankunan biyu, na fiffiken hagu da na dama. Warrior ba shi da wannan, hagu ne ko dama ko kashewa. Ka manta, ka shanye galan 24 na fiffike ɗaya, injin ya mutu ɗayan yana cike. Riƙa sauyawa duk minti 30, ka kunna famfon mai na lantarki kafin ka juya, ka duba matsin mai, sannan ka kashe famfon.

Injiniya: Don Allah kada ka dogara da allurar da ke nuna yawan mai. Buɗe murfi ka gani da idonka. Idan man ya tsaya a bakin ƙarfen alamar da ke cikin tanki, galan 17 ke nan kowane gefe, 34 jimilla. Ka zuƙo mai daga ƙasan kowane tanki: man jirgin, wato 100LL, shuɗi ne, ruwa kuwa ƙasa yake kwanciya.

Matuƙiya: Lissafa mai da agogo. Galan 34, a shan kusan 9 cikin awa, awa 3 da minti 45 ne, kuma sai in ka rage mai a haɗinsa da iska kamar yadda littafin jirgin ya ce. Dokar Amurka ta tanadi rarar man minti 30 da rana, 45 da dare. A ganina awa guda ta fi.

In injin ya ɗauke, fara riƙe gudun lilo, wato gudun da jirgi ya fi yin nisa da shi ba inji: not 73 (mil na ruwa 73 cikin awa) a Warrior. Zaɓi fili, tsayin ƙafa 1,000 daga ƙasa ba ya kai ka fiye da kusan mil ɗaya da rabi. Sannan sauya tanki, kunna famfo, cika haɗin mai, buɗe zafin kabureta (iska mai zafi da ke narkar da ƙanƙara a cikinta), ka ba shi 'yan daƙiƙoƙi. Ya ƙi tashi? Sa lambar gaggawa 7700 a transponder (na'urar da ke nuna jirginka ga rada), yi kiran neman agaji na Mayday a tashar rediyon da kake, ko tashar gaggawa 121.5. Kafin ka taɓa ƙasa kashe mai da lantarki, zare sakatar ƙofa, ka sauka kana fuskantar iska. Kada ka ɗaga hanci don ka kai filin da ya yi nisa, jirgin zai rasa gudu ya faɗo.