Neman shawara: Me ya sa ruwa yake fola amma CO2 ba fola ba ne?

Assalamu alaikum malamaina da yayyena. Ni ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare, kuma kalmar fola tana rikita ni a darasin kemistiri. An koya mana cewa idan atam biyu suka haɗu, ɗaya ya fi ɗayan ƙarfin jan elektiron, to haɗin nasu fola ne. Oksijin ya fi kabon ƙarfin ja, amma littafinmu ya ce CO2, wato iskar da ta ƙunshi kabon ɗaya da oksijin biyu, ba fola ba ne, alhali ruwa fola ne. Don Allah yaya zan yi amfani da kalmar a jarrabawar WAEC?

Wata malamar kemistiri:
Wa alaikumus salam 'yata. Abin da aka koya miki daidai ne, sai dai ana amfani da kalmar a kan abu biyu, wato haɗin da ke tsakanin atam biyu da kuma molekul ɗin gaba ɗayansa, ma'ana tarin atam ɗin da suka haɗu suka zama abu ɗaya. A ma'aunin Pauling, wanda ke auna ƙarfin jan elektiron, oksijin yana da 3.44, kabon 2.55, haidurojin 2.20, saboda haka haɗin kabon da oksijin fola ne. Amma CO2 a miƙe yake, kabon a tsakiya, oksijin ɗaya yana ja dama ɗaya yana ja hagu, kamar mutum biyu masu ƙarfi ɗaya da ke jan igiya, babu inda ta rinjaya. Ruwa kuwa, wanda ya ƙunshi oksijin ɗaya da haidurojin biyu, a lanƙwashe yake, kusurwarsa digiri 104.5, domin oksijin yana riƙe da elektiron huɗu da ba su shiga haɗi ba, shi ya sa gefensa yake ɗauke da ɗan cajin negatif, gefen haidurojin kuma fozitif. A jarrabawa ki zana siffar tukuna kafin ki yanke hukunci.

Wani ɗalibin jami'a:
Ƙanwata, ana auna wannan rinjaye da ma'aunin Debye. Na ruwa kusan 1.85 ne, na CO2 kuwa sifili.

Wani malamin firamare:
Ki zuba man gyaɗa a kofin ruwa ki motsa sosai, za ki ga ya tattaru ya koma sama, domin shi ba fola ba ne, ruwa ba ya narkar da shi.

Malamar ta ƙara da cewa:
Gwajin Malam yana da kyau. Amma 'yata, kada ki rubuta cewa gishiri fola ne don yana narkewa a ruwa, haɗinsa ayonik ne, sodiyam ya miƙa wa kulorin elektiron ɗinsa ɗungurungum.