Tambaya kan tafiya waje buga kwando: hanyar da Masai Ujiri ya bi

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da ƙani dogo sosai, SS3 yake, kullum yana Murtala Square wajen ƙwallon kwando, yanzu ya tada hankalin gida wai shi sai Amurka, komai aka ce sai ya ce ai Masai Ujiri ma a Zariya ya tashi. Hajiya kuma ta ce atafau sai ya rubuta JAMB. Don Allah waɗanda suka san harkar, shi Masai ɗin ta ina ya bi, kuma ya yi kuɗi da wasan ne ko kuwa?

Baban Ikram:
Wa alaikumus salam. Malam ka faɗa ma yaron nan gaskiya, Masai bai taɓa buga ko wasa ɗaya a NBA, babban lig ɗin kwando na Amurka, ba. A Ingila aka haife shi 1970, ya tashi a Zariya, ƙwallon ƙafa ma ya fara bugawa kafin ya koma kwando yana ɗan shekara 13, a hannun koci Oliver Johnson, Ba'amurken nan na ABU da ake ce ma OBJ. Da ya je Amurka kuma ba wata babbar jami'a ya shiga ba, Bismarck State College ce a North Dakota, irin kwalejin nan ta shekara biyu, garin da sanyi kamar ya kashe mutum, daga nan ya koma Montana State Billings bai ma jima ba ya bar ta ya nufi Turai. Wajen shekara shida yana yawo daga wannan kulob zuwa wancan, Ingila, Beljiyam, Jamus, ƙananan lig ne ba wanda za ka gani a talabijin. 2002 ya ajiye wasa ya koma farautar 'yan wasa ma kulob ɗin NBA na Orlando Magic, kuma kyauta fa, ba albashi, da kuɗin aljihunsa yake tafiye-tafiyen yana kwana a ɗakin abokai. Mutanen da ya sani a yawon Turai su suka yi masa rana. Kulob ɗin Denver suka ɗauke shi aiki, 2013 ya ci kyautar gwarzon shugaban kulob na NBA, 2019 Toronto Raptors ta ɗau kofi a hannunsa. Da kwat ya yi suna ba da jesi ba.

Mai_Dunk_KD:
Baban Ikram duk da haka kar a karya ma yaro gwiwa mana. Mutum wajen 60 kacal ake ɗauka a draft, wato zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, duk shekara, mun yarda, amma ai ba NBA kaɗai ake cin abinci ba. Chamberlain Oguchi ya yi jami'o'in Oregon da Illinois State, bai shiga NBA ba, ya buga a waje, kuma shi ne gwarzon ɗan wasa (MVP) lokacin da D'Tigers, tawagar kwando ta Najeriya, suka ci kofin Afirka na AfroBasket 2015 a Tunisiya. Ga BAL ma, lig ɗin kulob-kulob na Afirka, tun 2021, Rivers Hoopers na Fatakwal sun je.

Maman Twins:
Oguchi a Amurka aka haife shi ai, ba ruwansa da layin biza, kar ku haɗa. Ni dai abu ɗaya, duk wanda ya zo ya ce shi ejan ne a ba shi kuɗi zai samo sikolashif ku gudu. Makaranta ita ke aiko takardar I-20 da kanta, da ita ake neman biza, kuma sai sun ga sakamakon WAEC mai kyau, tsawo kaɗai ba ya kai mutum. Hajiya ta fi ku gaskiya wallahi.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai. To in ya rubuta JAMB ɗin ya cike ABU, zai iya ci gaba da wasan a can har a gan shi? Kuma sansanin horar da matasa kwandon nan na Giants of Africa da Masai yake shiryawa, ya ake shiga?

Baban Ikram:
ABU ai gidan kwando ce tun da can, ya je. Sansanin kuma ta hannun kocinsa zai bi, ba da kuɗi ake saya ba. A fara ɗaukar masa bidiyon cikakken wasa tukuna, ba guntun dunk na TikTok ba.