Abin da aka tattauna kan ma'adinan nonon tunkiya

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar muhawarar masu kiwo na Aboabo da Asawase, nan Kumasi.

1. Kowa ya yarda nonon tunkiya ya fi na saniya kalsiyam, kusan miligiram 190 a giram 100, na saniya kuwa kusan 120.
2. Dakashin kwanakin farko ya fi kauri da ma'adinai.
3. Hantsa in ta kumbura, gishiri na ƙaruwa a nono, potasiyam ya ragu. Lasa kaɗan, za ka ji.
4. Nan aka rabu. Wasu sun ce kanwa da harawa ke ƙara kalsiyam. Wasu suka ce ko abinci ya gaza, tunkiya daga ƙashinta take ɗebowa, amma aidin da seleniyam kam sukan bi abinci. Ni na fi karkata ga na biyun.
5. Batun bambancin nonon tumakin Uda da na gajerun tumakinmu na kudu, ba a ƙare shi ba.