Tsohuwar tirelar Airstream ta 1973, wace mota ce za ta ja ta?

Salam 'yan uwa mazauna Amurka, don Allah wanda ya san harkar tirelar yawo ya taimaka min. Na sayi tsohuwar Airstream ƙirar 1973 a nan Texas, jikin alminiyon lafiya lau, amma da na ɗaga shimfiɗar ƙasa sai na tarar katakon bayan ya ruɓe, da yatsa ma ana huda shi, ƙarfen da ke ƙarƙashi duk tsatsa. Makaniki ya ce robar cikin aksil ɗin, wato ƙarafan da ke riƙe da tayoyi, ta bushe, sai an canza su gaba ɗaya tare da birkin lantarki.

Inda na maƙale shi ne mota. Ina da a-kori-kura Tacoma mai injin V6, a takarda dai za ta ja, to amma nauyin da zai hau kan ƙugiyar ja ta bayan motar kashi 10 zuwa 15 ne na nauyin tirelar, ga ni ga uwargida ga yara ga kaya, lissafin ya kusa haura iyakar nauyin da motar za ta iya ɗauka da aka rubuta a jikin ƙofarta. Kuma Colorado nake son zuwa, hawa ne da gangara.

In haƙura in nemi babbar a-kori-kura kamar Tundra ko F-150? Sannan katakon nan dole sai an ɗaga jikin tirelar kafin a canza shi?