Wai don na ce Lucifer Gamzaki ne

Autan Mama: Jama'a ku yi mini alƙalanci. Jiya a teburin mai shayi na ce Lucifer kalmar Latin ce, ma'anarta mai ɗauke da haske, kuma da ita Romawa ke kiran tauraron asuba, wato Gamzaki. Wallahi wani ya ɗauke kofinsa ya koma ɗaya bencin yana a'uzubillahi. Yau ko gaisuwata bai amsa ba. Ina laifina?

'Yar Zonkwa: Ba ka yi ƙarya ba, ɗan'uwa. A littafin Ishaya 14:12 na Baibul aka samo wannan suna da ake ba Shaiɗan, kuma da sarkin Babila ake magana a wurin. Wani malamin coci, Jerome, ne ya sa kalmar lucifer da ya fassara Baibul zuwa Latin, Baibul na Turanci na Sarki James na 1611 ya bar ta yadda take. Malaman coci ne suka ɗora ayar a kan Shaiɗan.

Malamin Kimiyya: Tsaya. Tauraro ka ce? Gamzaki, wato Venus, duniya ce, ta biyu daga rana, tana gama zagayenta cikin kwana 225. Ba ta da hasken kanta. Masanin taurari Galileo ya ga tana cika tana raguwa kamar wata tun 1610.

Na-Gwarzo: To Malam, kakata da ke tashi sallar asuba da Gamzaki, duniya take kallo? Duk abin da ke ƙyalli a sama tauraro ne a Hausa.

Malamin Kimiyya: Har jirgin sama ke nan?

Na-Gwarzo: Ban da rainin hankali. Boko ɗin nan dai bana ka fara shi.

Hajiyar Gida: Ni Zara na sani, matar wata. Ita ce da magariba. Gamzaki namiji ne, daban yake.

Malamin Kimiyya: Hajiya, abu ɗaya ne. Girkawan farko ma sun ɗauka biyu ne, na safe Phosphoros, na yamma Hesperos, daga baya suka gane.

Hajiyar Gida: Mace da safe ta koma namiji? Allah ya sawwaƙe. Ka je ka gaya wa Girkawan.

Autan Mama: Don Allah maganar mai shayi nake yi fa.

'Yar Zonkwa: Akwai ma bishop mai suna Lucifer a Cagliari, tsibirin Sardiniya, a ƙarni na 4. Kuma a 2 Bitrus 1:19 na Baibul ɗin Latin kalmar ta zo da ma'ana mai kyau.

Na-Gwarzo: Ke kuma wa ya tambaye ki? Muna maganar tauraro.

'Yar Zonkwa: Mai tambaya ya tambaya, kai ne ka shigo da kakarka.

Na-Gwarzo: Kar ki sake ambaton kakata.

Hajiyar Gida: Ai kai ka fara ambatonta, yaro.

Na-Gwarzo: Ga wanda ya zo a makare, in taƙaita: an yarda Gamzaki tauraro ne kamar yadda iyayenmu suka faɗa, Malam ya kasa kawo hujja sai sunayen Turawa, Hajiya ma tana bayana.

Hajiyar Gida: Ni ban ce ina bayanka ba.

Autan Mama: To gobe in je wurin mai shayin ko in canza?