Neman kalma: yaya za mu faɗi "action planning" da 'yan'uwanta a shirin motsa jiki?

Mai shirin lafiya: Assalamu alaikum malamai. Ranar Alhamis da safe zan naɗi shirin rediyo kan motsa jiki ga manya, musamman masu hawan jini da ciwon sukari, kuma kalmomi uku sun tsaya mini: action planning, coping planning da implementation intention. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani. Alƙaluman da ta fitar a 2024 kuwa sun nuna kashi 31 cikin ɗari na manya a duniya, wajen mutum biliyan 1.8, ba sa kaiwa haka. Da yawansu suna so. Mutum zai fito daga wurin likita da niyyarsa, mako ya zagayo bai taka ko'ina ba. Kalmar farko tana nufin ya yanke yaushe, a ina, kuma ta yaya. Ta biyu, ya hango abin da zai hana shi ya nemi mafita tun da wuri. Ta uku jimla ce guda: idan kaza ya faru, zan yi kaza. Ina neman abin da tsohuwa a Bichi za ta ji ta gane nan take.

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam. Ta farko "tsarin aiki", ta biyu "shirin ko-ta-kwana". Ta uku a ba ni lokaci.

Anti Nas: "Tsarin aiki" zai kai hankalin mutane ofis da jadawalin ma'aikata. Wanda ya yi ritaya zai ce ba da shi ake ba, alhali shi muka fi nema. Ni a ɗakin duba masu hawan jini cewa nake, "Baba, tsayar mini da rana da wuri." Me zai hana "tsayayyen shiri"?

Ɗan Zazzau: Na karɓa, Anti. Tsayayye ya fi, don akwai tsayar da rana a cikinsa.

Malamar jami'a: Kafin a yi nisa, a san inda kalmomin suka fito, don ba gida ɗaya ba ne. Implementation intention ta Peter Gollwitzer ce, Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, wanda maƙalarsa ta 1999 ta yaɗa ta. Shi ya raba niyyar buri, wato "ina so in riƙa motsa jiki", da niyyar da aka ɗaura wa wata alama, wato "idan na sallame La'asar, zan zagaya filin makaranta sau uku". Hikimar ita ce alamar ke tuna maka, ba sai ka sake shawara da zuciyarka kullum ba. A wani bincike a Ingila da aka wallafa a 2002, da ɗalibai 248, kashi 91 cikin ɗari na waɗanda suka rubuta rana da lokaci da wuri sun motsa jiki a makon, waɗanda aka zaburar da bayani kawai kashi 35, waɗanda ba a yi wa komai ba kashi 38. Amma ɗalibai ne, kuma mako guda ne, kada a zuzuta a rediyo. Sauran kalmomin biyu daga ɓangaren Ralf Schwarzer, shi ma masanin halayyar ɗan Adam, da abokan aikinsa suke, kuma sun gwada su kan masu jinyar ciwon zuciya a Jamus: waɗanda suka haɗa shiri biyun sun fi motsa jiki wata biyu bayan sallama. Saboda haka ni ta uku zan ce "ɗaurarriyar niyya". Bahaushe ya san ɗaura niyyar azumi.

Baban Gobir: To ga inda nake tsayawa. Kullum aka zo neman kalma sai a ruga Larabci ko a jera kalmomi uku a kira shi fassara. "Ɗaurarriyar niyya" gaɓa nawa ke nan? Hausa tana da hanyar haihuwar kalma da kanta. Daga kintsa a samu KINTSAU, shi ne action planning. Daga tarba a samu TARBAU, wato ka tarbi matsala tun ba ta iso ba. Gajeru ne, namu ne, kuma in aka faɗe su a rediyo mako huɗu sun zauna.

Ɗan Zazzau: Ranka ya daɗe, wannan ƙarshen na -au ai mutum yake siffantawa. Mantau mai mantuwa ne, jimrau mai jimiri, gagarau wanda ya gagara. Kintsau zai zama mutumin da ya kintsa, ba shirin ba.

Baban Gobir: Fiddau fa? Mutum ne?

Ɗan Zazzau: Abin da aka fitar ne, na yarda. Amma har yanzu abu ne da aka yi wa aikin, ba aikin kansa ba.

Anti Nas: Baba, da girmamawa, in na ce wa majinyaci ya yi tarbau zai tambaye ni a wane kyamis ake sayarwa. Minti biyar nake da shi da kowane mutum, layi na jira a waje.

Baban Gobir: Wannan shi ne ciwonmu. Ba wanda yake son ɗaukar wahalar koyar da sabuwar kalma. Tanzaniya ta kafa majalisar Swahili tun 1967, suna ƙirƙira suna koyarwa, har likita ya yi bayani da harshensa ba ya jin kunya. Mu da aka kafa wa Hukumar Hausa tun 1955, yau ɗanmu in ya yi digiri sai ya ga kalmar Hausa ta yi masa ƙauyanci. Da Bature ne ya kawo kintsau da tuni an sa a manhaja.

Mushe na Damagaram: Malam, a nan Nijar tun 2025 doka ta ce Hausa ce harshen ƙasa, to maganar ta shafe mu. Abin da nake roƙo, in za a tsayar da kalma a tuna da mu. Rediyonku muna ji har nan. Ku kun ce asibiti mu mun ce likita, ku likita mu lokotoro, ga kuma Faransanci a kanmu. Duk abin da aka yanke a Kano sai a ce shi ne Hausa. Niyya dai kowa ya san ta, daga Agadas har Kumasi.

Baban Gobir: Saninta ba ya mai da ita tamu. A ce ƙuduri mana.

Malamar jami'a: Ƙuduri ya riga ya tafi majalisa, Baba. Kowa ya ji shi a labarai sai ya tuna ƙudurin doka. In kuma za mu kori niyya don asalinta, sai mu kori lokaci da Litinin da Talata da La'asar, jimlar shirin gaba ɗaya ta rushe. Ba kunyar Hausa nake ji ba, da ita nake koyarwa. Kalmar da kakata ta rayu da ita ta mutu da ita, Hausa ce.

Baban Gobir: Ban ce a kori tsofaffi ba, 'yata. Na ce kada a ƙaro in muna da abin yi da namu.

Mai shirin lafiya: Don Allah malamai, jibi ne naɗin. A dawo kan ta biyu da ta uku.

Liman ƙarami: Ni damuwata da "ɗaurarriyar niyya" daban ce. A kunnen masu sauraro ɗaura niyya na ibada ne, kuma a zuci ake yi. Abin da Malama ta bayyana kuwa so ake a furta shi, a rubuta, a manna a bango, ko a faɗa wa wani. Kuma wani zai ɗauka kamar bakance ne, in ya saɓa ya shiga damuwa. A dai bar mutane su ƙara "in sha Allahu" a jimlarsu, ba ya rage komai daga shirin. Amfani da lokutan salla a matsayin alama kuwa ya yi daidai, don sau biyar suke zuwa ba fashi.

Anti Nas: Wannan gaskiya ne, kuma shi ya fi yi mini aiki. "Ƙarfe biyar" ba ya kama mutane kamar "in na fito masallaci". Ga irin waɗanda muke tsarawa da su. Idan na idar da Asuba, zan taka zuwa bakin titi in dawo kafin in karya. Idan zan je kasuwa, zan sauka daga adaidaita tun kafin tasha in ƙarasa da ƙafa. Matan da ba sa fita: idan na ɗora tukunyar rana, zan zagaya tsakar gida minti goma. Sai na cikas. Idan ruwa ya tsare ni da damina, zan yi a zaure. Idan zafin Afrilu ya yi yawa, zan mayar da shi bayan Isha'i. Idan azumi ya zo, bayan Tarawihi. Idan baƙi suka zo, zan raka su da ƙafa har bakin hanya. Ni "in-kaza-sai-kaza" nake kiransa, kuma ban taɓa maimaita bayani ba.

Mushe na Damagaram: In-kaza-sai-kaza ya yi. Nan ma za a gane shi.

Malamar jami'a: A baki ya yi, a takardar jarrabawa ba zan iya rubuta shi ba. Kuma ina da ja kan "ko-ta-kwana". Shi zaman shiri ne ga duk abin da ya zo, irin na jami'an tsaro da 'yan kwana-kwana. Coping planning kuwa sai ka ambaci cikas ɗin da sunansa, ruwa ne ko baƙi ko ciwon gwiwa. In ba a ambata ba, ba a yi komai ba.

Ɗan Zazzau: "Tanadin cikas" fa?

Liman ƙarami: Sai ya zama kamar cikas ɗin ake tarawa, yadda ake tanadin hatsi.

Ɗan Zazzau: To "shirin tsallake cikas".

Baban Gobir: Kalma uku inda tarbau ɗaya ta isa.

Mai shirin lafiya: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan shiga da shi: "tsayayyen shiri" ga ta farko, "shirin tsallake cikas" ga ta biyu, ta uku kuma "in-kaza-sai-kaza" da misalan Anti. Baba, zan ambaci tarbau sau ɗaya a matsayin shawarar wani dattijo, mu ji abin da masu kiran waya za su ce.

Baban Gobir: Sau ɗaya ba ya zaunar da kalma. Amma a yi hakan. Kintsau kuma ban janye ta ba.

Malamar jami'a: Ta rubutu dai ba mu gama ba. Zan ci gaba da "ɗaurarriyar niyya" a aji har a kawo wadda ta fi, tare da la'akari da abin da Liman ya faɗa.

Anti Nas: Ƙanena, ka saka wannan a shirin ko da lokaci ya ƙure: idan na ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, zan tsaya in je asibiti. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura kuma ya tambayi likitansa kafin ya fara fita da safe bai ci komai ba.