Notin juye ya ƙi kwancewa, kansa ya fara cinyewa

Sani_Dorayi:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masu ilimin mashin ku kawo ɗauki. Boxer gare ni, kuma yanzu na yanke shawarar ni zan riƙa yi mata juye da kaina a gida, saboda yaran gareji sai ka kai mai mai kyau kana waige an zuba maka wani abu daban. To na sayo baƙin mai, na tanadi roba, na zo kwance notin ƙasan injin ya ce bai san zance ba. Yaron da ya yi juyen ƙarshe ya ɗaure shi kamar da gaba, sifana 17 sai zamewa take, yanzu kusurwoyin kan notin sun fara zama zagaye. Maƙwabcina ya ce in sa fayif a jikin sifanar in taka da ƙafa. In yi ko kar in yi?

Oga Habu Kurna:
Wa alaikumus salam. Malam Sani kar ka taka, wallahi kar ka taka. Notin ƙarfe ne amma gidan da yake ciki alminiyam ne, in ka yi masa ƙarfin tsiya ba notin ne zai ji jiki ba, tiredin injin ne zai biyo shi, daga nan kuma ka tashi daga maganar juye ka koma maganar a kai wa masu lezi.

Da farko ajiye sifanar nan mai buɗaɗɗen baki, ita ce take cinye maka kan, gefe biyu kawai take kamawa. Ka nemi soket mai kusurwa shida, ba mai goma sha biyu ba, a Kofar Ruwa ko Sabon Gari za ka samu har na gwanjo masu ƙwari. Sannan ka tayar da mashin ɗin ya yi kamar minti biyar, alminiyam ya fi ƙarfe buɗewa in ya ji zafi, kusan ninki biyu, to sai ya ɗan saki notin, ga shi kuma man zai fi saurin zuba ya fito da dattin. Ka zauna da soket ɗin sosai, ka danne da hannu ɗaya, ka bugi ƙarshen hannun da guduma bugu ɗaya mai kyau. Bugun ne yake karya riƙon, ba ja a hankali ba.

Kuma ka lura da ɓangaren da kake juyawa, mutane da yawa in suna tsugune a gefen mashin suna kallon notin daga sama kansu juyewa yake, suna ƙara ɗaurewa suna zaton kwancewa suke. Ka leƙa ta ƙasa ka fuskanci kan notin, kwancewa hagu ne.

Ummi's Dad:
Ka fesa WD-40, man feshin nan na kwance tsatsa, ka bar shi ya kwana, ko man birki ko kananzir.

Oga Habu Kurna:
Alhaji wannan na notin da ya yi tsatsa ne, irin na salansa. Notin juye kullum cikin mai yake wanka, ba tsatsa ke damunsa ba ɗauri ne, kuma washa ta toshe hanya feshin ba inda zai shiga. Man birki ma in ya taɓa fenti sai ya ɓata shi.

Engr. Mubarak:
Oga Habu ya gama magana, ƙari kawai zan yi. In 17 ta riga ta daina kamawa, ka ɗauko soket 16 ka buga ta da guduma ta shige kan notin da ƙarfi, sau da yawa nan take yake fita. In ya ƙi sai filaya mai kulle, in ita ma ta ƙi to mai walda ya ɗora wani noti a kai, amma a cire kan batir tukunna kuma a nisanta da tiyon fetur. Duk wanda ya yi aiki dai notin ya gama yawo, ka sayo sabo da sabuwar washa kafin ka fara. Washar nan da ake rainawa ita ce tushen matsalar, an yi ta ne ta lotse sau ɗaya ta riƙe mai, in ta tsufa sai ya fara ɗiga, yaro kuma maimakon ya canza ta sai ya ƙara ɗaurewa.

Abin dariya ni nan Kanada da nake karatu irin wannan rigimar na tarar, mai gidan da nake haya yana da mashin ɗin ƙanƙara Ski-Doo, duk shekara kafin sanyi ya shigo sai ya yi masa juye a garejinsa. Nasu ya fi namu wahala, sai ka cire murfin ƙasa kafin ka ga notin, ga kuma man akwatin sarƙa shi ma daban. Mai mara kauri 0W-40 suke sa wa saboda sanyi, mu kuwa da zafin Kano mai kauri 20W-50 ne namu. Ka duba galan ɗin ka ga JASO MA a jiki, wato alamar man da ya dace da mashin, don kulocin mashin cikin man yake, wani man motar sa shi zamewa yake.

Sani_Dorayi:
Alhamdulillah ya fita! Soket 16 ɗin ce ta yi, bayan na ɗumama injin. Washar ta baje ta manne a jiki sai da na ɓamɓaro ta da sukudireba. Allah ya saka da alheri. Yanzu wajen mayarwa yaya zan ɗaure, tunda ba ni da sifanar awo?

Oga Habu Kurna:
Ka fara shigar da shi da yatsu har ya zauna, in ya cije tun farko to a karkace ya shiga, fito da shi ka sake. In ya taɓa washa ka riƙe sifana kusa da kai ba can ƙarshe ba, ka ƙara kamar kwatan zagaye ka tsaya. Kar ka juye galan gaba ɗaya, zuba kaɗan kaɗan kana duba ma'auni mashin na tsaye a kan babban jak. Ka tayar minti biyu, ka shimfiɗa kwali a ƙasa, gobe da safe ka duba ko ya ɗiga.